Yadda ake haɗa Korg nanoKONTROL2 da Cubase

Korg nanoKONTROL2, na'urar sarrafa manhajar haɗa kiɗa irin su Cubase, na da feda (madannin da ake turawa sama da ƙasa don ƙara ko rage ƙara) takwas, makunnin murɗawa takwas, da maɓallan S (jin layin shi kaɗai), M (yi masa shiru) da R (shirya shi don ɗauka) a kowane layi. Ba ta fitar da sauti ko kaɗan, saƙon MIDI, wato umarni ga manhaja, kawai take aikawa ta wayar USB. Don haka tun kafin a buɗe Cubase sai an zaɓa mata tsarin da za ta yi aiki da shi.

Zare wayar. Danne SET MARKER da REW tare, ka soka wayar kana riƙe da su, sannan ka saki. Na'urar ta koma tsarin Mackie Control ke nan, wanda Cubase ke ganewa, kuma za ta riƙe shi ko an kashe kwamfuta. In wutarta ta kama amma kwamfuta ba ta gan ta ba, fara zargin wayar: da yawa cikin na kasuwa caji kaɗai suke yi, ba sa ɗaukar bayanai.

Yanzu buɗe Cubase, ka shiga Studio, sai Studio Setup. A tsofaffi irin su Cubase 5, Devices ne, sai Device Setup. Danna alamar +, ka zaɓi Mackie Control, ka sa nanoKONTROL2 a MIDI Input da kuma MIDI Output. Kada ka bar Output babu komai, domin ta nan Cubase ke kunna fitilun maɓallan. Idan babu shi, ba za ka san layin da aka yi wa shiru ba sai ka kalli allo.

Ga inda aka fi yin tuntuɓe. A cikin MIDI Port Setup, nemo layin nanoKONTROL2, ka cire alamar da ke ƙarƙashin In 'All MIDI Inputs'. Dalili kuwa, a tsarin Mackie maɓallan suna aika saƙo irin na makullan fiyano, feda kuma tana aika saƙon lanƙwasa murya. Muddin alamar na nan, kana danna M sai ka ji fiyano ya yi ƙara, kana tura feda sai sarewar da ke kan layin ta kauce daga kiɗa. Abin takaicin ma, idan ana ɗauka, duk wannan shiga yake yi cikin aikin, sai an bi an goge da hannu.

Fedojin ba su da injin da ke motsa su. Idan ka danna TRACK ka koma layuka takwas na gaba, na hannunka suna nan inda ka bar su, na allo kuwa suna wani wuri dabam. Dubi matsayin ta allo kafin ka taɓa ta hannu, ka matsa a hankali, in ba haka ba ƙarar na iya yin tsalle a kunnen mawaƙi. Shi ya sa ya fi kyau a jera muryoyi da gangunan da ake yawan taɓawa a layuka takwas na farko.

Mai aiki da manhajar FL Studio kuwa, SET MARKER da CYCLE zai danne yayin soka wayar. A wannan tsarin fedoji na aika saƙon sarrafawa na MIDI da ake kira CC, lamba 0 zuwa 7, makunnai 16 zuwa 23, muddin ba a taɓa saitin kamfani ba. Danna F10, ka kunna na'urar a jerin Input, sannan ka danna dama a kan abin da kake son sarrafawa, ka zaɓi Link to controller, ka motsa fedar sau ɗaya. Ka kuma kunna zaɓin Pickup, yadda ƙarar ba za ta motsa ba sai fedar hannu ta iso daidai inda ta allo take.