Yadda za ka ɗauki hoton motar marigayi a kan hanya kafin a raba gado

Idan Allah ya yi wa ɗan'uwa rasuwa ya bar motar gudu mai ƙofa biyu wadda kowa ya san yana ji da ita, irin su Ford Mustang ko BMW Z4 ko Mazda MX-5, abin da ya fi faruwa shi ne a lulluɓe ta da tamfol a tsakar gida har ranar rabon gado, sannan a kira dillali ya yi mata kuɗi, domin mota ce da ba ta ɗaukar iyali, gyaranta kuma yana da tsada. Kafin wannan rana ta zo, a kan sami wani daga cikin 'yan'uwa da zuciyarsa ke son ya fita da ita tafiya ɗaya tak, ya ɗauke ta hoto a hanyar da marigayin yake son bi. Babu aibi a cikin wannan, kuma ba alamar rashin jin mutuwar ba ce, amma aiki ne da yake buƙatar tsari, saboda motar ba taka ba ce, kai kuma ba a cikin cikakkiyar natsuwarka kake ba.

Ka fara da neman izini. Tun daga lokacin da rai ya yi halinsa motar ta zama dukiyar magada, kuma idan akwai marayu ƙanana a cikinsu, sai ka je wa wanda yake riƙe da al'amarinsu. Ka faɗi inda za ka, da ranar dawowa, ka ɗauki nauyin mai daga aljihunka, ka kuma yarda a gaban shaidu cewa duk abin da ya lalace a hannunka kai za ka gyara. Kada ka tashi a kwanakin zaman makoki ko makon da ke biye da su. Wanda bai samu barcin kirki ba, ga hidimar masu gaisuwa, bai dace ya zauna bayan sitiyarin mota mai ƙarfi ba. Ka haɗa takardun motar da na inshora, da kwafin takardar shaidar mutuwa, tun da sunan marigayin ne a jiki kuma za a iya tambayarka a shingen bincike ko wajen jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra. Motar da ta yi makonni a ajiye kuma tana bukatar bakanike ya duba batir da iskar taya da man birki.

Hotunan da suka fi kowanne muhimmanci ana ɗaukarsu ne tun kafin a tayar da injin, kuma nan ne mutane da yawa suke yin asarar da ba ta gyaruwa, domin abu na farko da ke zuwa wa mutum a rai shi ne ya kai motar wurin wanki. Ka dakata. Ka buɗe ƙofar direba ka ɗauki hoton kujerar a daidai inda ya bar ta, kafin ka ja ta gaba ko baya don ta dace da tsawonka. Ka matsa kusa ka ɗauki gefen sitiyari inda tafin hannunsa ya goge fatar har ta yi sheƙi, da carbin da ke rataye a madubi, da hular da ya jefa a kujerar gefe, da rasit ɗin gidan mai da ke maƙale a aljihun ƙofa, da tashar rediyon da ta fara fitowa idan aka murɗa makulli. Ka ɗauki mitar da ke nuna yawan kilomitar da motar ta yi. Wannan lamba ita ce iyakar tafiyarsa da ita, kuma za ta yi wa magada amfani idan an zo batun farashi. Don irin waɗannan hotuna ka ajiye motar a inuwa, ka buɗe ƙofofin biyu haske ya shiga, ka kashe filashi, domin haskensa yana mayar da fata da roba su yi fari fat, ya shafe sawun hannun da kake son ya fito. A ganina hoton mota mai ƙyalli a bakin dutse ana samun irinsa dubu a intanet, amma hoton wannan sitiyari babu mai iya sake shi da zarar mai wanki ya bi ta kansa da tsumma.

Bayan haka sai a wanke jikin motar ta waje, a bar cikin yadda yake idan iyali sun yarda.

Wajen zaɓen hanya, ka tuna cewa yawancin irin waɗannan motoci tsakanin cikinsu da ƙasa bai kai santimita 15 ba, saboda haka ramin da Hilux za ta wuce ba tare da direba ya ji ba yana iya fasa maka bamba ko tukunyar man inji. Tudun rage gudu kuma a karkace ake hawansa, a hankali, taya ɗaya bayan ɗaya. Hanyar Abuja zuwa Jos ta Keffi da Akwanga misali ce mai kyau ga mai neman wuraren hoto: tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba, tana bi ta kusa da magangarar ruwan Assop, ta haura Hawan Kibo, ta fito kan tsaunin Filato kusa da duwatsun Riyom masu ɗore a kan juna, kafin ta shiga Jos mai tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku. Sai dai Hawan Kibo wuri ne da manyan motoci suke yawan samun matsalar birki, don haka kada kyan kwanar ya ruɗe ka ka tsaya a cikinta. Ka haye gaba ɗaya, ka nemi fili inda za ka sauka daga kwalta sosai. Ka tambayi direbobin tasha halin tsaron hanyar a safiyar da za ka tashi, ka guji tafiyar dare, kuma kada ka ɗaga kyamara kusa da shingen jami'an tsaro ko barikin soja.

Haske shi ne rabin aikin. Fentin mota madubi ne, abin da ke kewaye da shi yake nunawa, shi ya sa hoton tsakar rana yake fitowa da farin tabo a kan bonet da baƙar inuwa a ƙarƙashi. Lokacin da ya dace shi ne jim kaɗan bayan fitowar rana, ko tsakanin la'asar sakaliya da magariba. A ƙasashenmu rana tana faɗuwa da sauri saboda kusancinmu da tsakiyar duniya, wannan jan haske mai laushi ba ya daɗewa, saboda haka ka isa wurin da wuri ka daidaita motar kafin ya zo. Ka sa rana ta kasance a bayan kafaɗarka, a ɗan karkace, yadda za ta bi gefen motar ta fito da lanƙwasar jikinta. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo yana tausasa hasken, wanda alheri ne ga mai hoto, amma ƙura tana kwanciya a fenti cikin ɗan lokaci. Kada ka share ta a bushe, za ta karce fentin. Ka yayyafa ruwa tukuna, ka bi da tsumma mai laushi. Ka sa tufafi masu duhu, in ba haka ba farar rigarka za ta bayyana a jikin ƙofa a kowane hoto.

Game da tsayuwa, kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar mota a tsaye daga kusa, abin da ke sa gabanta ya kumbura bayanta ya tsuke. Ka ja da baya kamar taku goma zuwa goma sha biyar, ka durƙusa har kyamarar ta zo daidai da fitilar gaba, ka tsaya a kusurwar da gaba da gefe ɗaya suke fitowa tare. Idan da waya kake aiki, ka danna 2x ko 3x don jawo motar kusa. Idan kyamara ce, idon da ke tsakanin milimita 50 da 85 ya wadatar, ka sa faɗin ƙofar shigar haske a kan f/8, ƙarfin jin hasken kyamara (ISO) kuma a kan 100. Ka murɗa sitiyari kaɗan yadda fuskar rim ɗin gaba za ta kalli kyamara. Kafin ka danna, ka bi bayan motar da ido, domin turken lantarki ko bishiyar da ta tsiro daga rufinta tana ɓata hoto mai kyau. Wanda ya samu gilashin tace haske da ake kira CPL ya ɗaura shi a idon kyamara, ya riƙa juya shi a hankali har ƙyallin gilashin gaba ya ɓace, kujerun ciki su fito. Bayan faɗuwar rana akwai kimanin minti 15 zuwa 20 da sama take yin shuɗi. A nan sai ka kunna ƙananan fitilu, ka ɗora kyamarar a kan sanda mai ƙafa uku ko a kan dutse, ka sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa biyu don kada hannu ya girgiza ta.

Hoton mota tana tafiya sai da mutum biyu. Ɗaya ya tuƙa a gudun da bai wuce kilomita 40 ba a hanyar da babu cunkoso, mai hoton ya tsaya can gefe, ya sa saurin ƙiftawar kyamara a 1/30 ko 1/60 na daƙiƙa, ya bi motar da kyamarar daga ƙugunsa yana dannawa ba tare da ya tsaya ba. Motar za ta fito sarai, abin da ke bayanta ya zama zane-zanen gudu. Yawancin hotunan za su lalace, wannan ba komai ba ne. Abin da ba a yarda da shi ba ko kaɗan shi ne direba ya riƙe waya yana ɗauka.

Abokin tafiyar nan yana da wani amfanin da ya fi hoto. Baƙin ciki yana zuwa ba sallama, sau da yawa a kan ƙaramin abu, kamar ƙamshin turaren marigayin da ya taso daga kujera idan rana ta dake ta, ko kwanar da ka tuna yadda yake shiga. Idan idonka ya cika, ka kunna sigina ka sauka daga hanya, ka kashe injin, ka yi kukanka, ka yi masa addu'a, sannan ka miƙa wa abokinka makulli. Hawaye ba rashin tawakkali ba ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Ka riƙa tsayawa duk bayan awa biyu ko ba ka ji gajiya ba, kuma idan ka isa wurin da ka yi niyya ka ga zuciyarka ba ta son ɗaukar komai, ka zauna kawai, kyamarar ta huta a jaka. Ka kuma yi haƙuri da ƙafarka a kan totur, domin mai jimami yana iya samun kansa yana gudun da bai shirya ba.

Da ka dawo, ka sake ɗaukar mitar kilomita, ka mayar da makulli ga wanda ya ba ka, ka kwafe hotunan a wuri biyu a ranar, kamar kwamfuta da ma'ajiyar intanet, saboda waya tana ɓata ko ta faɗa ruwa. Wajen gyara, kada ka goge kwarzane ko ɗan lotsawar da ke jikin bamba. Shi ya yi su, kuma 'ya'yansa za su so su ji labarinsu wata rana. Kada ka tura hotunan cikin zauren iyali na WhatsApp kai tsaye, domin mahaifiya ko matar da ke cikin takabarta ta wata huɗu da kwana goma na iya buɗe waya ta ci karo da su ba shiri. Ka je da kanka ka ce, “Hajiya, na ɗauko hotunan motarsa, duk ranar da kika so gani suna nan.” Idan kuma za ka sa wani a Facebook ko Instagram, ka nemi yardar magada, ka rufe lambar motar, ka bar hotunan ciki a gida.