Yadda Ake Zaɓen Faifan Ajiya Na Cikin Kwamfuta Mai Ƙarko Da Rahusa

Idan kwamfutarka ta cika, kana neman ƙarin wurin ajiye hotuna, bidiyo da takardu, faifan ajiya mai juyawa, wato HDD, shi ne har yanzu ya fi arha idan aka auna kuɗi da yawan abin da zai ɗauka. SSD, wato ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa a ciki, ya fi shi sauri nesa ba kusa ba, amma don ajiya kawai ba sai ka kashe wannan kuɗin ba.

Kafin ka fita kasuwa, buɗe kwamfutar ka duba cikinta. Ta tebur tana ɗaukar faifai mai inci 3.5, laftof kuwa mai inci 2.5, kuma laftof da yawa na yanzu ba su da gurbin faifai na biyu sam. Ka tabbata akwai kafar SATA, wato inda ake jona wayar faifai, da ba kowa a kai, da kuma wayar wuta da ta rage.

Kamfanoni uku ne suka rage suna ƙera irin wannan faifai a duniya: Seagate, Western Digital (WD) da Toshiba. Saboda haka sunan kamfani ba ya raba gardama, sai dai samfurin. WD Blue da Seagate BarraCuda na aikin gida ne, garantinsu shekara 2, yayin da WD Red Plus da Seagate IronWolf aka yi su don injin da ba a kashewa, garantinsu shekara 3. Mai juyawa sau 5400 a minti ya ishi ajiya, kuma ya fi mai 7200 ƙarancin zafi da ƙara, abin da duk wanda ya san zafin watan Afrilu a ɗakin da ba fanka zai yaba. Akwai kuma bambancin da mai shago ba kasafai yake ambata ba, wato CMR da SMR. A faifan SMR layukan rubutu suna hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi, don haka idan ana yawan gogewa da sake rubutu sai ya riƙa jan ƙafa. In ajiyewa kawai za ka yi babu laifi, amma mai tace bidiyo kullum ya nemi CMR, wanda layukansa ba sa hawa kan juna.

Inda na fi so ka natsu shi ne wajen na hannu, domin a nan arha take zama tsada. Na taɓa karɓar wani faifai fes a leda, takardar jikinsa sabuwa fil, da na haɗa shi sai na tarar ya shekara huɗu yana aiki. Kowane faifai yana riƙe da tarihin lafiyarsa a tsarin da ake kira SMART, kuma manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana karanto shi cikin daƙiƙu. Ka ce a haɗa maka shi a gabanka, ka duba yawan awannin da ya yi yana aiki, ka tuna cewa shekara ɗaya awa 8,760 ce. Idan manhajar ta nuna launin rawaya, alamar wasu sassan faifan sun fara lalacewa, kada ka saye shi ko da rabin kuɗi aka ce ka bayar. Ka kara kunnenka kusa da shi ma, domin ƙarar ƙas-ƙas mai maimaituwa ba alamar alheri ba ce. Sabo kuma, ka shigar da lambar jikinsa a shafin kamfanin ka ga ko garantinsa na nan.

Bayan ka ɗaura shi, kada ka zargi mai shago idan faifan 1TB ya nuna 931GB a Windows, bambancin lissafi ne kawai. Wanda ya haura 2TB kuwa sai ka tsara shi da GPT, sabon tsarin raba faifai, domin tsohon tsarin, wato MBR, ba ya ganin abin da ya wuce haka. Ka ɗaure shi da kusoshinsa huɗu inda iska ke ratsawa, ka sa wa kwamfutar UPS, wato batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, saboda ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu tana lalata fayil, sannan duk abin da ba za ka jure rashinsa ba ka ajiye kwafinsa a wani faifan dabam tun ranar farko.