Yadda za ki gane sankarar mama wadda ba ta zuwa da kulluto

Yawancinmu abin da muka sani kenan, ki shafa mamanki in kin ji kulluto ki tafi asibiti. Gaskiya ne, amma fa akwai wasu nau'ikan sankarar da ba kasafai ake ganinsu ba, kuma su a fata suke fara nuna kansu, sai mace ta yi ta lalube ba ta ji komai ba ta ce ai lafiya lau, ciwo kuwa yana ta ci.

Ki fara da ido tukunna. Ki tsaya gaban madubi cikin haske, hannu a ƙasa, sannan ki ɗaga su sama, ki gwada mama ɗaya da ɗayan. Wadda ta fi tayar min da hankali ita ce sankara mai kumburi. Mama ɗaya zai kumbura ya yi nauyi ya yi zafi, fatar ta yi ja, ko ta yi duhu in mace baƙa ce, ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo, duk cikin 'yan makonni ko watanni. Dalili shi ne ƙwayoyin kansar sun toshe ƙananan hanyoyin ruwan da ke cikin fatar. Ba ta wuce kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na sankarar mama ba amma tana da saurin yaɗuwa, kuma matsalar ita ce tana kama da ciwon nonon da masu shayarwa ke yi, shi ya sa ake fara ba da antibayotik. Ba laifi ki sha, amma in kin yi kwana 7 zuwa 10 babu sauƙi, dan Allah kar ki zauna kina canza magani, ki koma ki ce a yi bincike, musamman ma in ba shayarwa kike ba.

Sai cutar Fajet, wadda likitan Ingila James Paget ya bayyana a 1874. Ita a kan nono take zama, ƙaiƙayi, ɓawo-ɓawo kamar kirci, wani lokaci ruwa ko jini ya ɓata rigar mama, kuma yawanci gefe ɗaya ne. Man shafawa yana iya lafar da ita ta sake dawowa. Mafi yawan masu ita akwai wata kansar a can cikin maman, don haka ba ciwon fata ba ne kawai.

Akwai kuma filodis, shi dai ya bambanta da waɗannan don kulluto ne mai saurin girma, yawancinsa ba kansa ba ne amma sai an cire shi. Wadda aka taɓa gasa mata kansa da hasken na'ura a mama ta kula da tabo mai launin shuɗi ko shunayya da ya ƙi ɓacewa ko bayan shekaru ne, yana iya zama anjiyosakoma, wato kansar hanyoyin jini. Maza ma suna yin sankarar mama fa, kusan kashi 1 cikin 100 na masu ita maza ne.

In kin je asibiti abu uku ake haɗawa. Likita zai duba ya taɓa maman da hammata ko akwai kaluluwa. Sai hoto, mamogiram (hoton X-ray na mama) ko sikanin, masu ƙananan shekaru an fi yi musu sikanin saboda naman mamansu ya fi tauri, wani lokaci a ƙara da MRI. Na ukun shi ne bayofsi, a yi allurar kashe zafi a ciro ɗan nama a duba a madubin likita, kuma shi ne mai yanke hukunci. A mai kumburi da Fajet hoton yana iya fitowa ba a ga komai ba, to nan ki tambaya kai tsaye, likita ba za a ɗauki ɗan fatar a gwada ba? Kar ki ji tsoron maganar nan ta in an taɓa shi da allura zai bazu, jinkiri ne ke ba shi damar bazuwa.

Ki riƙa ɗaukar hoton wurin da wayarki duk bayan kwana biyu-uku, ki rubuta ranar da kika fara gani da magungunan da kika sha, ki tafi da su. In sakamako ya fito kansa ce, ki tambayi nau'inta, matakinta, da gwajin ER, PR da HER2, wato wasu alamomi da ake nema a jikin ƙwayoyin kansar, don da su ake zaɓar magani. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a gama duk binciken nan cikin kwana 60 daga ranar da kika fara zuwa, in an ja ki ya wuce haka ki nemi a tura ki wurin ƙwararre.