Injinsu ya ɓata maka kaya: kurakuran da ke sa haƙƙinka ya salwanta

Na taɓa tsayawa a wani wurin wankin mota na inji, irin wanda mota ke shiga burusai suna jujjuyawa a kanta. Wani mutum ya fito da tasa, madubin gefe yana reto a jikin waya ɗaya, ga dogon karce tun daga ƙofar gaba har baya. Ya yi ta faɗa, ma'aikaci yana ba shi haƙuri, can ya ce Allah ya isa, ya ja motarsa ya yi gaba. A wannan fitar ya zubar da rabin haƙƙinsa, domin gobe idan ya dawo amsa ɗaya ce: ba a nan ta faru ba.

In haka ta same ka, kada ka gusa daga wurin. Ka ɗauki hoto da bidiyon ɓarnar yadda injin zai fito a ciki, ka adana rasit, ka nemi manaja da kansa, ka sa a rubuta abin da ya faru a ba ka kwafi. In akwai kyamarar tsaro, ka nemi a ajiye hoton ranar, kuma a rubuce, saboda yawancinsu suna goge tsohon ɗauka da kansu bayan ɗan lokaci.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne tsoron allon nan da ake kafawa a bango: "Ba mu da alhakin duk abin da ya lalace." Mutum na karantawa sai jikinsa ya yi sanyi, kamar alƙali ne ya yanke hukunci. Alhali mai shago ne ya rubuta abinsa. A dokokin ƙasashe da dama, wanda ya karɓi kuɗinka don ya yi maka aiki wajibi ne ya yi shi da kulawa da ƙwarewa daidai gwargwado. A Ingila dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta faɗi haka a sashe na 49, sashe na 57 kuma ya hana ɗan kasuwa sauke wannan nauyin da rubutu. Tun kafin nan ma kotuna ba sa barin allo ya ci banza. A wata shari'a ta 1949 kotu ta ƙi amincewa da irin wannan sanarwar da wani otal ya liƙa a cikin ɗaki, domin baƙuwar da ta kai ƙara ba ta gan ta ba sai bayan an gama ciniki a wurin karɓar baƙi. A wata shari'a ta 1951 kuma, wata mata ta kai rigar aurenta wanki, aka ba ta takarda ta sa hannu, aka ce mata sharaɗin duwatsun adon rigar kawai ya shafa. Riga ta dawo da tabo, kamfanin ya ɗauko takarda, kotu ta ce ba zai fake da ita ba tunda an ɓoye mata ainihin abin da ke ciki.

Sai dai allon da ke ba da umarni daban yake. In an rubuta a naɗe madubi, ko a zazzage aljihu kafin a sa kaya a injin wanki, ka yi biris, to kai ma da naka kason laifin, kuma diyyar za ta iya raguwa.

Wata dabarar ita ce a ce maka injin ne ya samu matsala, ka je ka nemi kamfanin da ya ƙera shi. Kada ka yarda a mayar da kai ɗan aike. Da su ka yi ciniki, su ka biya. Tsakaninsu da maƙerin inji matsalarsu ce. Tambayoyin da suka fi amfani su ne yaushe aka yi wa injin sabis na ƙarshe, kuma ko wani ya taɓa kawo ƙorafi a kansa. Injin da aka san yana da lahani aka bar shi yana aiki, babu hujjar sakaci da ta fi shi ƙarfi.

Wasu kuma sukan garzaya wurin mai gyara, ko su jefar da rigar da injin busarwa ya ƙona. Ka bari su duba tukuna, ka karɓo ƙiyasin gyara a rubuce daga wuri biyu.

A wajen kuɗi ma ana yin kure. Manufar diyya ita ce a mayar da kai yadda kake kafin ɓarnar, wato kuɗin gyara ko darajar abin a ranar da ya lalace. Wanda ya nemi kuɗin sabuwar riga a kan wadda ya yi shekara uku yana sawa, ya ba su ƙofar cewa yana neman cin riba ne. Amma ka lissafa kuɗin motar hayar da ka riƙa shiga taka tana gareji.

Ga kuma kyautar rufe baki: wanki kyauta sau biyar, da 'yar takarda ka sa hannu. Karanta ta da kyau, don sau da yawa tana cewa magana ta ƙare ke nan. Alkawarin baki na "za mu kira ka" shi ma iska ne. Rubuta musu wasiƙa gajera: ranar, abin da ya faru, adadin da kake nema, da wa'adin mako biyu. Ka tambaya ko suna da inshora, domin in akwai, galibi kamfanin inshorar ne zai biya. In sun yi kunnen uwar shegu, sai hukumar kare haƙƙin masu saye ko kotun ƙananan ƙararraki, kafin wa'adin shigar da ƙara na ƙasarka ya wuce. In kuwa za ka kai maganar Facebook, ka tsaya kan abin da hotonka ya nuna. Kalmar "ɓarayi" guda ɗaya ta isa ta mayar da kai wanda ake ƙara.