Yadda Za Ka Haɗa Na'urar Kama Siginar Kumbunan Binciken Samaniya a Karkara

Kumbunan da ake aikawa duniyar Mars ko kewayen rana suna turo saƙonsu ƙasa ne ta rediyo, kuma yawancinsu suna amfani da zangon da ake kira X, wato tsakanin megahaz 8400 da 8450. Hukumar NASA tana sauraronsu da manyan faifai masu faɗin mita 34 da mita 70 a wurare uku: Goldstone ta jihar Kalifoniya a Amurka, da kusa da Madrid a Sifen, da kusa da Kanbera a Ostireliya. Wanda ya ji wannan girma zai iya ɗauka cewa talaka ba shi da rabo a harkar, amma ba haka abin yake ba. Su waɗancan tashoshi karanta hotuna da bayanai suke yi, kai kuwa abin da kake nema shi ne tsagwaron sautin da saƙon yake hawa, wanda ke fitowa a allon kwamfuta a matsayin siririn layi guda ɗaya. Faifan satalayit mai faɗin mita 1.2 zuwa 1.8 ya isa ya nuna maka wannan layi, muddin an tsare ƙa'ida a wurare uku: rage hayaniya a bakin faifai, tsayar da firikwensi cak, da saiti mai kyau.

Mutumin ƙauye a ƙasar Gumel ko Ringim ko Ɗambatta yana da wata gata da ɗan birni ba shi da ita. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu benaye masu tare gabas da yamma, sannan turakun kamfanonin waya ba su yi cunkoso ba, alhali wasu daga cikin ƙananan faifan da ke jikinsu suna aika sigina a zangon gigahaz 7 da 8 (gigahaz ɗaya megahaz 1000 ne), dab da inda kake son saurare. Bugu da ƙari, muna wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka rana da Mars da kumbunan da ke bin hanyarsu suna wucewa can sama kusa da tsakar ka, inda iskar da sigina zai ratsa ba ta da kauri.

Shawarata ta farko ita ce kada ka fara da zangon X. Fara da tauraron ɗan'adam na ƙasar Katar mai suna Es'hail-2, wanda aka harba a Nuwamba 2018, yana tsaye a digiri 25.9 gabas, kuma yana ɗauke da sashen masu sha'awar rediyo da ake kira QO-100. Daga Kano yana kudu maso gabas, a tsayin kusan digiri 65. Da LNB na kallon talabijin, wato kan da ake ɗaurawa a gaban faifai ya karɓi sigina, da ake sayarwa a Sabon Gari, da ƙaramar na'urar RTL-SDR, wato rediyon da ake soka wa a kwamfuta manhaja ta sarrafa shi, za ka ga alamarsa ta megahaz 10489.5 ta sauko a 739.5, domin LNB yana cire 9750 daga abin da ya shigo masa. A nan za ka koyi saita faifai, ka saba da manhajar SDR, ka kuma ga da idonka yadda layin yake karkata idan rana ta dumama LNB. Wannan karkatar ita ce babbar abokiyar gabarka a duk sauran aikin, gara ka san ta tun da wuri. LNB ɗin kansa ba zai yi maka aikin kumbo ba, don an gina shi ne ya karɓi gigahaz 10.7 zuwa 12.75; siginar QO-100 tana dab da wannan zango, amma 8.4 na kumbo ya yi masa nisa.

Game da faifai, tsawon kowace igiyar sigina ta gigahaz 8.4 bai wuce santimita 3.6 ba, don haka lanƙwasa ko lotsawar da ta kai milimita 2 zuwa 3 tana fara cin ƙarfin sigina. Idan tsohon faifai mai raga ka samu, irin waɗanda aka bari a bayan gidaje da gidajen kallo, ka tabbata ramukan ragar ba su kai milimita 3 ba. Hanyar gwada bakinsa mai sauƙi ce: ɗaura zare biyu daga baki zuwa baki su gicciya juna a tsakiya, in sun taɓa juna da kyar faifan lafiya yake, in akwai rata tsakaninsu ko ɗaya yana danne ɗaya to ya murɗe. Ka kuma sani cewa girma yana zuwa da nasa nauyin. Faifan mita 1.2 yana kallon fili mai faɗin kusan digiri 2 ne kawai, na mita 1.8 kuwa bai kai digiri ɗaya da rabi ba, sannan sama tana juyawa digiri ɗaya cikin kowane minti 4. Ke nan kumbo zai ratsa gaban ƙaramin faifan ya fice cikin kusan minti 8 idan ba ka bi shi ba. Shi ya sa nake ganin mai farawa ya fi dacewa da ƙaramin.

Wajen mai walda za ka fi ɓata lokaci, kuma ya cancanta. A kafa turken ƙarfe mai kauri a siminti, a auna shi da ma'aunin magina har ya tsaya sak, a yi masa gindi mai juyawa gabas da yamma da kuma hannu mai ɗagawa da saukewa. Dogon noti mai zare, ko tsohon jak na faifan satalayit, ya fi turawa da hannu, domin rabin digiri kake son motsawa ba tare da faifan ya yi rawa ba. Na'urar auna karkata da ke cikin waya ta isa ta ba ka tsayi. Sai dai idan faifanka irin mai hannu a ƙasa ne, yana kallon sama da inda fuskarsa ta nufa da fiye da digiri 20, don haka da rana za ka gano ainihin bambancin, ba da ido ba.

Makarɓar sigina, wadda ke zama a gurbin LNB, ita ce abin da za ka ƙera da hannunka. Nemi bututun jan ƙarfe mai faɗin ciki kusan milimita 26 wajen masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, shi ne wanda suke kira inci ɗaya da ɗaya bisa takwas. Wannan faɗi ba zaɓin son rai ba ne: bututun da cikinsa bai kai milimita 21 ba ba ya barin gigahaz 8.4 ya wuce sam, wanda ya haura 27 kuma yana barin wani salon kaɗawa na daban ya shiga ya dagula lissafi. Toshe ƙarshe ɗaya da fallen jan ƙarfe ka liƙe da dalma. Daga wannan murfi ka auna kusan milimita 15 ka huda rami, ka dasa mahaɗin SMA, wato ƙaramin soket na wayar sigina mai tsinke a tsakiya, yadda tsinkensa zai leƙa ciki da kusan milimita 8. A fara da tsinke mai ɗan tsawo a riƙa rage shi da zarto kaɗan-kaɗan, domin abin da aka yanke ba ya dawowa. Cikin bututun ya zama sumul, babu ɗigon dalma, babu ƙaiƙayin ƙarfe. Faifai mai zurfi yana wadatuwa da buɗaɗɗen bakin bututu, mai hannu a ƙasa kuwa yana son a buɗa bakin ya zama mazurari.

Akwai wani abu da ke rikita masu farawa. Siginar kumbo tana zuwa ne tana murɗawa, galibi ta hannun dama, kuma idan ta bugi faifai ta dawo sai murɗin ya juye ya koma hagu. Tsinke ɗaya tilo yana kama rabin ƙarfin ne kawai, wato asarar desibel 3 a ma'aunin ƙarfin sigina. Ana dawo da wannan rabin ta hanyar saka fallen Teflon a cikin bututun a karkace digiri 45 daga tsinken, amma in aka karkata shi ta ɓangaren da ba daidai ba sai siginar ta ɓace kusan gaba ɗaya. Ni dai na fi son a fara ba tare da shi ba, a ga kumbo tukuna, sannan a ƙara shi a gwada ɓangarorin biyu.

Amfilifaya mai ƙarancin hayaniya, wato LNA, ba abin da za a yi arahar sa ba ne, kuma yawanci sai an yi odarsa daga waje. Nemi wanda aka yi domin gigahaz 8.4, mai hayaniyar da ba ta kai desibel 1 ba, ka ɗaura shi kai tsaye a jikin mahaɗin makarɓa ba tare da waya a tsakani ba. Dalili shi ne duk asarar desibel 0.1 kafin LNA tana ƙara kusan digiri 7 na ma'aunin Kelvin a kan hayaniyar na'urarka, alhali LNA mai kyau gaba ɗayan tasa hayaniyar kusan 50 ce. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har mutum ya taɓa ƙofar ƙarfe ya ji ta ja shi, wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe taransistan da ke ciki. Taɓa turken faifai da hannu kafin ka taɓa na'urar, kowane lokaci.

Bayan LNA sai filta, sai miksa. Aikin miksa shi ne sauko da firikwensi zuwa inda SDR zai iya ji: idan osiletarka, wato na'urar da ke samar da firikwensin da miksa zai cire, tana bugawa a megahaz 8000, zangon 8400 zuwa 8450 zai fito a 400 zuwa 450. Filta tana hana hayaniyar 7550 zuwa 7600 shigowa, domin ita ma miksa zai sauke ta a wuri ɗaya ta ninka maka shuu. Allon osileta mai ɗauke da guntun lantarki ADF5355 yana iya ba ka 8000 ɗin, amma dole ne a ɗaure shi da agogon megahaz 10 mai karɓar gyara daga GPS. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan a wannan zango kilohaz 8.4 ne, kai kuwa layin da kake nema za ka tace shi ne a faɗin haz ɗaya ko biyu, tunda rage faɗin saurare daga haz 1000 zuwa haz 1 yana rage hayaniya sau dubu. Nan ne ƙaramin faifai yake samun abin da ya rasa na girma. Zafin bazara da ke haura digiri 40 yana sa osileta yawo, don haka a sa kayan a akwati mai inuwa, a kunna su rabin awa kafin a fara. Wuta kuwa daga batirin sola mai bolt 12 za a ɗauka kai tsaye, a kashe inbata da cajar waya masu arha, saboda su ne masu cika allo da layukan ƙarya.

Rana ce ma'auninka na farko. Juya faifai wajen sama inda babu komai ka rubuta matakin shuu, sannan ka nufi rana. Ya kamata matakin ya ɗaga da desibel da dama a fili, kuma da wannan ɗagawar za ka matsa makarɓa gaba da baya har ka sami inda ta fi ƙarfi, ka datse tsinke, ka kuma gyara ma'aunin saitinka. Idan faifan yana da ƙyalli, kada ka daɗe a kan rana, don yana tara zafi ya narkar da murfin roba. Na'urar da ba ta ji rana sosai ba, ba za ta ji kumbo ba, kuma babu amfanin wucewa gaba sai an gyara.

Kumbon da ya fi dacewa a fara da shi shi ne STEREO-A, wanda NASA ta harba a Oktoba 2006 domin nazarin rana. Ya wuce kusa da duniya a Agusta 2023, yana ƙara nisa a gabanmu da kusan digiri 22 a shekara, kuma ana jin sa wajen megahaz 8443.5. Shafin intanet na Horizons, na cibiyar JPL ta NASA, zai ba ka inda yake a kowane minti idan ka shigar da matsayin garinku, tare da saurin kusantowarsa ko nisantarsa. Wannan saurin yana da muhimmanci saboda sauyin Doppler, irin yadda hon ɗin tirela yake sirancewa tana tahowa ya yi kauri bayan ta wuce: kowace kilomita ɗaya a daƙiƙa tana gusar da layin da kilohaz 28. Juyawar duniya kaɗai, a inda muke, tana kai shi sama da kusan kilohaz 12 lokacin fitowar kumbo, ta sauke shi haka lokacin faɗuwarsa. Ka saita faifai ɗan gaba da inda kumbon yake, ka jira ya shigo da kansa. Idan layi ya bayyana, kawar da faifan digiri 5: in ya ɓace, ya kuma dawo da ka mayar, kuma yana gangarawa daidai da lissafin Horizons, to daga sama yake. In ya tsaya kyam ko ina ka juya, daga cikin akwatinka yake fitowa.

Daga nan sai Mars. Mars Reconnaissance Orbiter, da ya isa can a 2006, yana aikawa wajen megahaz 8439.4, yana kewaya duniyar cikin kusan minti 112, saboda haka layinsa yana hawa da sauka da kusan kilohaz 90 kowane ɓangare, wani lokaci ya yanke ɗif idan ya shiga bayanta. Ba kullum yake fuskantar mu ba, amma shafin NASA mai suna DSN Now yana nuna kumbon da kowace tasha daga cikin ukun nan take magana da shi a lokacin, kuma wanda Madrid take saurare galibi yana samanmu mu ma. Nisan Mars yana kaiwa daga kusan kilomita miliyan 55 zuwa miliyan 400, tana kusantowa duk wata 26, kuma kusantowa ta gaba a Fabrairu 2027 ce, wadda ta faɗo a rani, lokacin da babu hadarin da ke ƙara hayaniya. Voyager 1 kam ya fi ƙarfin faifan gida: masu sha'awar rediyo na Jamus sun kama shi a 2006, amma da faifan mita 20 na garin Bochum.

Da damina a kwance LNA a shigar da shi ɗaki, a binne sandar ƙarfe a haɗa ta da turke saboda tsawa, a kuma ɗaure faifan yana kallon sama don kada guguwa ta murɗe shi. Bakin bututu a rufe shi da siririyar leda, in ba haka ba ƙura da zanzaro za su cika shi. Tun kafin a kafa turke, ka je ka gaida mai unguwa da dagaci ka yi musu bayanin abin da kake yi, ka kuma gayyaci malamin kimiyya na makarantar garinku ya zo da ɗalibansa su gani. Wannan na'ura saurare kawai take yi. Duk ranar da ka so aika sigina, ko da ta QO-100 ce, sai ka nemi lasisi daga hukuma da lambar kira mai farawa da 5N, wadda ita ce alamar Najeriya.