Shawara ga masu fama da oganik kemistiri

'Yan uwa ɗaliban harhaɗa magunguna a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ku rage haddace sauye-sauyen sinadarai, ku riƙa zana su a takarda, kuna nuna tafiyar ilektaron da kibiya.

Dalili kuwa, ilektaron yana tashi ne daga inda ya yi yawa zuwa inda yake ƙaranci, kamar kabon ɗin da oksijin ta janye wa nasa. Idan kun gane wannan, za ku hango amsar tambayar da ba ku taɓa gani ba, kuma kun huta da biyan kuɗin darasin waje.

Sai dai dabarar ba ta isa wajen ƙa'idojin sanya wa sinadarai suna na IUPAC (ƙungiyar masana kemistiri ta duniya) da aikin sinadarai irin su LiAlH4 (sinadarin da ake amfani da shi wajen ƙara wa wasu sinadarai haidirojin). Waɗannan sai hadda, ku fara tun makon farko.