Kafin ka girke wa yara pisin a gidan haya a Yamai

Duk shekara in Afrilu ya kama, zafin Yamai ya haura digiri 40, sai ka ga 'yan'uwanmu sababbin zuwa daga Kano da Sakkwato da Katsina sun sayo pisin ɗin roba, wato wurin wanka da iyo na yara, irin mai ƙafafun ƙarfe da ake girkewa a tsakar gida. Ba laifi, yara na shan wuya a wannan lokaci. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake girke shi ranar da aka sayo, kamar za a shimfiɗa tabarma.

Sayensa ba wuya, haɗa shi ma takardar da ke cikin kwalin ta wadatar. Tamfol da bulo da tiyo duk za ka samu a kasuwar Katako. Amma ka san nauyin abin da za ka ɗora wa ƙasa: lita 1,000 na ruwa tan guda ce, kuma pisin mai faɗin mita 3.66 da zurfin santimita 76 yana cin wajen lita 6,500. Tan shida da rabi ke nan a wuri guda, dare da rana.

Saboda haka, tun ba ka taɓa shebur ba, je ka ga mai gida. Mai gida na ce, ba dillalin da ya samo maka gidan ba. Dillali ya karɓi la'adarsa, duk abin da ka tambaya "ba komai" zai ce maka, ranar da ta ɓaci kuma ba za ka same shi a waya ba. A nan galibi wata-wata ake biyan haya, ba shekara-shekara irin na gida ba, amma kafin a ba ka makulli sai ka ajiye kuɗin jingina, kuma a kansu ake huce duk wata ɓarna. Ka je da kanka, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Alhaji, ina so in girke wa yara wurin wanka. Don Allah a nuna mini inda shaddar gidan take, da ramin ruwan wanka, da inda bututun pampo ya bi." A gidaje da yawa an rufe waɗannan ramuka da daɓen siminti, shekaru sun bi, rairayi ya binne su, ba abin da ido zai gani.

Wani bakatsine da muka yi maƙwabtaka da shi a unguwar Banifandu ya duba tsakar gidansa, ya zaɓi kusurwar da ta fi ko'ina lafiya, shafe ba tudu ba kwari. Ashe murfin ramin ruwan wanka ne. Cikin dare murfin ya tsage, ƙafafu biyu suka nutse, ruwan ya ɓalle gaba ɗaya ya bi ta ƙarƙashin ƙofa har ɗakin da ya tara atamfofin sayarwa. Da safe mai gida ya zo, ya tsaya bakin ramin, bai ɗaga murya ba, ya ce kuɗin jingina sun tafi, aikin magini kuma daban. Dattawanmu ne suka zauna da shi har aka sassauta. Wannan kam abin alfahari ne, ba mu barin namu a rana. Sai dai ba don irin wannan ake tara dattawa ba, alhali gaisuwa da tambaya ɗaya sun isa su hana.

In mai gida ya yarda, a rubuta, ya sa hannu, a haɗa da takardar haya, ka ɗauki hoton tsakar gidan yadda ka same ta. In kwantar ɗin ruwa, wato mita, na haɗaka ne da sauran 'yan haya, ku daidaita tukuna, don kuɗin ruwa hawa-hawa ne: da ka wuce lita 10,000 na farko a wata farashi ya tashi, kuma ba wanda zai yarda ya biya wa 'ya'yanka wanka.

Sai ƙasar kanta. Ka yi nesa da katanga, da wayar lantarki, da gindin dogon yaro, saboda saiwa da ganye. Ka kira magini ya auna da tiyon ruwa, kada bambancin gefe da gefe ya wuce santimita 2 zuwa 3, don ruwa gefen da ya yi ƙasa yake dannawa har ƙarfe ya lanƙwashe. Inda ya yi tudu ake sarewa. Kada ka cike kwari da rairayi, ciko yakan zauna in ya ji nauyi, damina kuma ta kwashe shi. Ka tsince duwatsu da kwalabe da ƙaya, ka tono ciyawar jiji har 'ya'yanta, don tana huda roba daga ƙasa. A yayyafa ruwa a daɓe sosai, a baza tankaɗaɗɗen rairayi kaɗan, a shimfiɗa tamfol. Kada a shimfiɗa kwali, abincin gara ne. Kowace ƙafa a sa mata bulon siminti a binne, samansa daidai da ƙasa. Ka fara zuba ruwa kamar tsawon ɗan yatsa ka duba. In ya taru gefe guda, kwashe ka gyara.

Ka kuma san inda za ka zubar da ruwan tun ba ka cika ba. Kada ya bi gindin katangar laka ta maƙwabci, kada ka sake shi a titi. Mazauna unguwannin Saga da Kirkisoy da Lamorde, da suka ga ambaliyar 2020, ba su wasa da ruwa kusa da gini. Daga Yuni in ruwan sama ya sauka, ko ka riƙa sa masa sinadarin kulorin kana rufewa, ko ka naɗe shi, in ba haka ba sauro kake kiwo. Tsanin shiga pisin ɗin kuma a cire shi duk lokacin da babba ba ya wurin, ko da salla ya shiga yi, don ƙaramin yaro in ya faɗa ruwa ba ya iya ihu.